Ciwon Saifa: Cutar da Ƙasa Take Ɓoyewa

Makiyayan ƙasar Hausa sun daɗe da sanin ciwon saifa, wato cutar da Turawa ke kira antaraks. Saniya ce za ta kwana lafiya, a wayi gari ta faɗi matacciya, baƙin jini yana tsiyaya ta hanci da dubura, saifarta ta kumbura. A 1876 wani likitan Jamus, Robert Koch, ya tabbatar ƙwayar cuta ce ke kawo ta. Ita wannan ƙwaya, da zarar jinin mushe ya sha iska, sai ta yi wa kanta kwasfa mai tauri, ta kwanta cikin ƙasa shekaru gommai ba ta mutu ba.

Nan ne ta sha bamban da bushiya, wadda ta yi wa garkunan Arewa kisan kiyashi wajen 1890, ta sake dawowa a 1983. Ƙwayar bushiya ba ta daɗewa a wajen jikin dabba, shi ya sa allura ta iya kawar da ita daga doron ƙasa, aka yi shelar haka a 2011. Saifa kuwa ƙasa ce rumbunta, saboda haka maganinta shi ne rigakafi kowace shekara. Louis Pasteur ya gwada allurarta a Faransa a 1881, Max Sterne ya fito da wadda ta fi inganci a Afirka ta Kudu cikin shekarun 1930. A Nijeriya, cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, wadda aka kafa a 1924, ita ke sarrafa allurar.

Abin da ya faru a yankin Yamal na arewacin Rasha a 2016 ya isa ishara. Ƙasar wurin daskararriya ce rani da damina, mutanenta kuwa suna kiwon wata irin barewa. Rabonsu da saifa tun 1941, har hukuma ta ga ta kau, ta daina allura a 2007. Sai aka yi wani zafi da ba a saba gani ba, har ma'auni ya kai 35, ƙasa ta narke fiye da yadda ta saba. Dabbobi fiye da 2,000 suka mutu, yaro ɗan shekara 12 ya rasu. Masana sun ɗora laifin a kan abu biyu: ɗumamar yanayi da ta tono tsohuwar ƙwaya, da sakacin barin allura.

To, Kaduna ba ta da ƙanƙara, amma abin da narkewa ta yi a can, ambaliya da fari suna iya yinsa a nan. Ruwa mai ƙarfi yakan zaizaye ƙasa ya tara ƙwayar a fadamu; in rani ya tsananta, ciyawa ta ƙare, shanu su kiwata har ƙasa su haɗiye ta. Kogin Kaduna ya cika ya tumbatsa a 2003 da 2012, kuma shanu daga nesa suna sauka a zangon Tudun Wada kullum. A Yuni 2023, gab da Babbar Sallah, gwamnatin tarayya ta yi gargaɗi game da cin ganda saboda ɓullar cutar a arewacin Ghana. A Yuli aka tabbatar da ita a wata gona kusa da Suleja, a kan hanyar Abuja zuwa Kaduna.

Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Dabbar da ta faɗi farat ɗaya, kada a feɗe ta, kada a jeme fatarta, a ƙone ta ko a binne ta da zurfi, nesa da hanyar ruwa. Ma'aikacin da ke tsara kasafin kuɗi kuma ya tuna da Yamal: shekara 9 kacal tsakanin daina allura da dawowar cutar.