Raunin Bangaskiya da Tabbacin Alheri: Darasi Daga Madalla

A safiyar Kirsimeti, 25 ga Disamba 2011, bam ya tashi a Cocin Katolika ta St. Theresa da ke Madalla, a ƙaramar hukumar Suleja, ya hallaka mutane fiye da talatin. Wanda ya rasa nasa a ƙofar coci yakan koma ga addu'a zuciyarsa na rawa, yana tambayar ko Allah bai yashe shi ba. Matsayin wannan maƙala shi ne, a koyarwar Kirista, raunin bangaskiya ba ya soke alherin Allah.

Hujja ta farko tana cikin kalmar alheri kanta. Littafi Mai Tsarki, wanda aka fara bugawa cikakke da Hausa a 1932, ya kira baiwar Allah alheri, Bahaushe kuwa ya san alheri daban, ladan aiki daban. Haka Manzo Bulus ya koyar a Afisawa sura 2, cewa ceto kyauta ce da ake karɓa ta wurin bangaskiya.

Hujja ta biyu tana cikin Linjila. A Markus sura 9, mahaifin yaro marar lafiya ya amsa da bakinsa cewa bangaskiyarsa ta gaza, duk da haka aka warkar da ɗansa. A Matiyu sura 14, Bitrus ya fara nutsewa don tsoro, Yesu ya riƙe shi tukuna kafin ya tsawata masa. Jariri a goye yakan yi barci ya saki hannu, amma ba ya faɗuwa, domin zanen uwarsa ne ke riƙe da shi.

Gaskiya ne ɗariku sun saɓa. Martin Luther ya jingina tabbacin ceto ga alkawarin Allah, Majalisar Trent ta Cocin Katolika kuwa ta koyar a 1547 cewa ba wanda zai san matsayinsa a gaban Allah da cikakken tabbaci. Amma ita ma ta hana shakkar jinƙan Allah, kuma a nan ɓangarorin biyu suka haɗu.

Wani zai ce wannan koyarwa tana buɗe ƙofar sakaci. Wasiƙar Yaƙub ta kira bangaskiya marar aiki matacciya, sai dai mai raunin bangaskiya marar lafiya ne, ba gawa ba, jinya yake bukata.

Saboda haka, ya ku fastoci da limaman coci na Suleja, kada ku ce wa mai makoki ƙarancin bangaskiyarsa ne ya jawo masa masifa. Ku zauna da shi, ku yi masa ta'aziyya, ku tuna masa cewa Allah ne ke riƙe da shi.