Yadda Likita Ya Koyi Ganin Matsarmama

Jama'ar Turawa da Karaye da Rogo, duk wanda ya taɓa tsayawa wurin fiɗar rago ya san matsarmama, 'yar koriyar jakar nan da ke manne ƙarƙashin hanta, wadda mahauci ke cirewa a hankali kada ta fashe ta ɓata nama. To, kai ma kana da ita. Hanta ke yin ruwan ɗacin, matsarmama ta ajiye. In ka ci abinci mai maiƙo, sai ta matso shi ta wata siririyar hanya zuwa hanji. Wani lokaci tsakuwa kan taru a ciki, balle ga masu sikila. In ta toshe hanyar, sai ciwo ƙarƙashin haƙarƙarin dama, idanu su yi rawaya, a ce shawara ce.

A da, likita sai dai ya lalubi ciki ya yi ƙiyasi. A 1895 wani Bajamushe, Röntgen, ya gano hoton ƙashi, amma yawancin tsakuwar nan ba ta fita a cikinsa. Sai a 1924 likitoci biyu a Amurka, Graham da Cole, suka yi wa majinyaci allurar wani magani mai taruwa cikin matsarmama, inuwarta ta fito a hoto. Aiki ne mai wuya, maganin ma yakan tayar da zuciya.

Tun wajen ƙarshen shekarun 1970 sikanin ya karɓe aikin. Da amsa-kuwwar sauti yake gani, ba allura, ba zafi. In malamin asibiti ya tura ka Kano sikanin, ya ce kada ka karya kumallo, bi maganarsa, gama sai da yunwa jakar ke cika ta fito sarai.