Naruto ɗan gado ne, Rock Lee ne ɗan ƙoƙari

Daren jiya an ɗauke wuta a hostal, muka fito waje shan iska, sai musu ya kaure kan Naruto. Wani ƙanenmu ɗan aji uku ya rantse cewa ƙoƙari ne kaɗai ya kai yaron nan inda ya kai. Na ce masa zan ba shi amsa a rubuce. To ga ta, amma sai mun ɗan koma baya, don musun nan ya girme mu duka.

A shekarar 1964 Tokyo ta karɓi baƙuncin gasar Olamfik, shekara goma sha tara kacal bayan Japan ta sha kaye a Yaƙin Duniya na Biyu. 'Yan matan ƙasar suka ci zinare a ƙwallon raga, bayan horon da ya yi suna wajen tsanani. A 1968 tattalin arzikin Japan ya wuce na Jamus ta Yamma. Mutanen wancan zamani sun ga ƙasarsu ta tashi daga toka da gumin ma'aikata, don haka labarin da ya fi shiga ransu shi ne na mai naci.

Littattafan zanen da suke kira manga suka bi wannan hanya. A 1966 aka fara Kyojin no Hoshi, labarin yaron da ubansa, talaka ɗan ƙwadago, yake ɗaura masa wata rigar ƙarfe mai jan gaɓoɓi don ya ƙware a wasan besbol. A 1968 aka fara Ashita no Joe, maraya ɗan unguwar talakawa da ya zama ɗan dambe. Marubuci ɗaya ne ya rubuta su, Ikki Kajiwara. Ku lura da yadda suka ƙare. Ɗan besbol ya lalata hannunsa na hagu. Joe kuma ya sha kaye a dambensa na ƙarshe da zakaran duniya, ya zauna a kusurwa ƙarfinsa ya ƙare ƙaf. Waɗannan jarumai da jikinsu suka biya, kuma ba a yi musu alƙawarin kofi ba. Duk a 1968 ɗin nan aka kafa mujallar Shonen Jump, wadda aka san ta da kalmomi uku: abota, ƙoƙari, nasara.

Dragon Ball na Akira Toriyama, da ya fara a 1984, shi ne ya karkata akalar. Da farko Goku yaro ne mai wutsiya da ke horo wurin wani tsoho, yana rabon madara da gudu. Can gaba sai aka ce ashe ba ɗan duniyar nan ba ne, daga ƙabilar mayaƙa ta Saiyan ya fito. Toriyama ya bar wa ƙoƙari ƙofa, tunda Goku daga ƙasƙantaccen gida yake a cikin ƙabilar, Vegeta kuma ɗan sarki. Amma Krillin, wanda suka yi horo tare tun suna yara, har abada bai kamo shi ba. Jini ya shigo lissafi.

Masashi Kishimoto ya fara Naruto a 1999, lokacin da Japan ta kwashe shekaru cikin tsayawar tattalin arziki. Masu gama jami'a a shekarun nan sun sha wahalar samun aiki har aka laƙaba wa zamanin suna mai nufin daskarewar ɗaukar ma'aikata. Sun yi karatu irin na iyayensu, sakamakon bai zo iri ɗaya ba.

Ƙanena yana da hujja, ban musa ba. Naruto ya faɗi jarrabawar fita makaranta sau uku. Gari ya tsane shi. Ya doke Neji, wanda ke wa'azin cewa ƙaddarar haihuwa ba ta sauyawa. Amma kafin babi na 700 a 2014, me muka sani? Ubansa shi ne Hokage na Huɗu. Uwarsa 'yar gidan Uzumaki ce, masu ƙarfin jiki na gado. An rufe dodo mai wutsiya tara a cikinsa ranar da aka haife shi. Jiraiya, malamin ubansa, shi ya ɗauke shi almajiri. Barewa dai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Wurin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne horon Rasenshuriken. Kakashi ya nuna masa cewa idan ya rarraba kansa gida-gida, duk abin da kowane kwafi ya koya zai dawo masa. Horon shekaru ya koma na kwanaki. Naruto ya sha wuya a wurin, har sumewa yake yi. Sai dai Kakashi da kansa ba zai iya wannan dabara haka ba, don ba shi da tarin ƙarfin da Naruto ya gada. Gumin na gaske ne, amma gado ne ya sa awa ɗaya tasa ta fi ta kowa albarka.

Yanzu ku dubi Rock Lee. Ba ya iya komai sai dambe da ƙafa da hannu, yana yawo da nauyi ɗaure a ƙafafu. Ya fuskanci Gaara, aka murƙushe masa hannu da ƙafa, sai da tiyata mai haɗari ya tashi. Wannan ai Joe ne ya dawo. Jarumin da yake tsakiyar labari a 1968 ya koma ɗan rakiya a wajen 2000. A nawa karatun, tarihin Japan ne ya matsar da shi gefe. A 2021 ma, cikin kalmomi goma da suka yi tashe a ƙasar akwai oya-gacha, wato iyaye caca ce, ba ka zaɓar wanda za ka faɗo hannunsa.

Abin da ya sa na damu da zancen shi ne ajinmu. Akwai wanda gida ke biya masa kuɗin makaranta da na data, yana da kwamfuta, kawunsa malamin jami'a ne mai duba masa babi kafin ya kai wa mai kula da bincikensa. Akwai wadda ke koyarwa a firamare da safe, ta shigo aji da yamma, ta buga aikinta a waya. Duka biyun suna karatu, wallahi. Idan na farko ya riga gamawa ya hau Facebook yana cewa naci ne kawai, ya zalunci ta biyun, don ya mayar da jinkirinta lalaci. Ni ma ba na cire kaina: yayana ne ya biya min zangon farko, ba don haka ba da ban fara ba.

Ban ce a naɗe hannu ba, kowa ya ci zomo ya ci gudu. Naruto da bai yi horo ba da dodon cikinsa ne ya cinye shi. Amma duk wanda Allah ya ba kwafi ɗari ya faɗi gaskiya in yana ba da labarin nasararsa, ya kuma ara wa na kusa da shi kwamfuta ko ya duba masa babi.

Ƙanena, na san za ka kawo min Might Guy. Ka fara tuna a keken guragu ya ƙare, sannan mu ci gaba a hostal.