Riga Mai Maho: Tarihin Jibbar Ansaru a Zamanin Mahadin Sudan

A cikin watan Maris na shekarar 1884 waɗansu manzanni suka iso Hartum ɗauke da takarda da ƙunshin kaya. Muhammadu Ahmad ne ya aiko su, wanda ya yi da'awar shi ne Mahadi, zuwa ga Janar Godon, Baturen Ingila da aka tura ya kwashe sojojin Masar daga ƙasar Sudan. Tun kafin wannan Godon ya aika wa Mahadi da jar rigar girma da dara, tare da alkawarin a naɗa shi sarkin Kurdufan in ya bar yaƙi. Mahadi ya mayar masa da kyautarsa, ya kuma haɗa da tasa, watau farar riga mai maho, da rawani, da hula, da ɗamara, da tasbaha, ya kira shi zuwa ga Musulunci da gudun duniya. Godon ya ƙi karɓa. Mutanen nan biyu ba su taɓa yin ido huɗu ba, amma kowannensu ya san abin da kyautar abokin gabansa take nufi, gama a zamanin nan wanda ya sa rigar wani ya bi shi ke nan. Bayan wata goma Hartum ta faɗi, ran 26 ga Janairu 1885, aka kashe Godon.

Rigar da Godon ya ƙi ita ce jibba, wadda mabiyan Mahadi suka sa tun daga 1881 har zuwa rushewar daularsu a 1898. Nufin wannan takarda shi ne a bi tarihin mahon da ke jikinta, domin a cikin shekara 17 kacal ma'anarsa ta sake har sau uku. Da fari gyaran ɓaraka ne na matalauci da mai zuhudu, daga baya ya zama shaidar mubaya'a, a ƙarshe kuwa ya zama adon masu mulki. Wanda ya lura da ɗinkin zai ga yadda jama'ar addini ta rikiɗa ta zama daula.

Asalin kalmomin

Jibba lafazin Larabawan Sudan ne na kalmar Larabci jubba, ita ce kuma Hausa ta ara ta mai da ita jabba. Sai dai a Hausa jabba tufar manya ce, ba wanda ya ji sunanta ya tuna da talauci. Ƙyallen da ake ɗinkawa bisa ɓaraka kuwa, sunansa na asali a Hausa maho. Faci daga baya ya shigo, daga Turanci. Da Larabci ana ce masa ruƙ'a, daga nan ne aka samo muraƙƙa'a, watau tufar da aka yi wa maho. Wannan suna shi ne ya haɗa rigar Sudan da wata al'ada wadda ta girme ta da ƙarnuka da yawa.

Mahon masu zuhudu

Tun farkon Musulunci ana ɗaukar tufa mai maho alamar tawali'u ce. Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa an ga Umaru ɗan Haɗɗabi, yana shugaban Musulmi, da maho uku tsakanin kafaɗunsa, ɗaya bisa ɗaya. Da Sufaye suka bayyana sai suka riƙi muraƙƙa'a tufarsu, har ya zama shehi kan sa wa almajirinsa ita in ya ga ya isa. A ƙarni na 11 Aliyu al-Hujwiri, wanda kabarinsa yake a Lahor, ya keɓe babi guda na littafinsa na Farisanci, Kashf al-Mahjub, ga sa tufa mai maho. Abin lura shi ne, tun a lokacin nan ya koka da masu sa ta don neman suna da abin duniya. Ashe matsalar da za ta sami jibbar Sudan an san ta shekara 800 kafin a haifi Mahadi: da zarar mutane sun fara girmama tsumma, sai a sami masu ɗinka tsumma da gangan.

An haifi Muhammadu Ahmad a 1844 kusa da Dongola, ya tashi cikin ɗariƙar Sammaniyya, ya shahara da tsananin zuhudu a tsibirin Aba da ke cikin Farin Nilu. A can ne ya bayyana da'awarsa a watan Yuni 1881. Ƙasar kuwa tun 1821 tana hannun Masar, mulkin da mutanen Sudan suke kira Turkiyya, wanda suka sani da nauyin haraji. Alamar ma'aikatan wannan mulki ita ce dara da tufafin mulufi. Mutanen da suka bi Mahadi a hijirarsa zuwa dutsen Ƙadir, cikin duwatsun Nuba, galibinsu talakawa ne da makiyaya, rigunansu sun yage a hanya, suka yi musu maho da duk ƙyallen da ya zo hannu. Mahon wannan zamani na larura ne, ba shi da tsari, ba a zaɓen launi, kowane ɗaya kuma akwai ɓaraka a ƙarƙashinsa.

Maho ya zama mubaya'a

Da nasara ta fara zuwa sai al'amari ya sake. Al-Ubayyid ta faɗi a Janairu 1883, a Nuwamba na shekarar kuma aka hallaka rundunar Hikis Basha a Shaikan. Jama'a suka yi ta kwararowa, fatake da malamai da shugabannin ƙabilu, mutanen da ba su taɓa sa tsumma ba. Mahadi ya hana a kira mabiyansa darwishai, ya sa musu suna Ansaru, sunan mutanen Madina da suka taimaki Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ya hana taba da giya da raye-raye, ya rage sadaki, ya soke ɗariƙu, ya kuma mai da jibba mai maho tufar kowa.

Akwai hikima a cikin wannan umarni. Sudan ƙasa ce ta ƙabilu masu yawa waɗanda ba su cika jituwa ba, mutanen bakin kogi dabam, Baggara makiyayan shanu na yamma dabam, Beja na wajen Bahar Maliya dabam, kowa da irin tufarsa da gyaran gashinsa. Riga ɗaya ta shafe wannan bambanci a ido, ta kuma raba Ansaru da masu dara. Ko a fagen fama mutum ya san nasa daga nesa. Saboda haka attajirin da ya yi mubaya'a tilas ya sa riga mai maho ko da rigarsa ba ta yage ba. Har Turawan da aka kama an sa musu ita, kamar Salatin Basha, mutumin Ostiriya wanda ya yi gwamnan Darfur, ya miƙa wuya a ƙarshen 1883, ya zauna a tsare har ya gudu a 1895. Daga wannan lokaci maho ya rabu da ɓaraka. Ana ɗinka shi bisa sabon saƙi lafiyayye, don ya faɗi ko mai rigar na wane ne.

Maho ya zama ado

Mahadi bai daɗe ba bayan cin Hartum, ya rasu a Umdurman ran 22 ga Yuni 1885. Halifa Abdullahi, mutumin ƙabilar Ta'aisha ta Baggara, ya gaje shi, ya yi mulki shekara 13. A hannunsa jama'a ta zama daula sosai, da baitulmali, da alƙalai, da gidan buga kuɗi, da runduna mai tutoci uku: baƙa ta Halifa, wadda ɗan'uwansa Yakubu yake riƙe da ita, koriya ta Ali wad Hilu, ja ta Muhammadu Sharif.

Jibbunan da suka saura daga wannan zamani suna nuna gwanintar maɗinka. Jikin rigar na dammur ne, watau saƙin auduga na hannu, wanda ake saƙawa ɓari-ɓari a harhaɗa. Tana da faɗi daga ƙasa, hannuwanta dogaye, wuyanta kuma iri ɗaya gaba da baya. Mahon an yanka shi da awo, mai kusurwa huɗu, ja ko shuɗi ko baƙi ko kore, an jera shi daidai, abin da ke dama shi ke hagu, abin da ke gaba shi ke baya. Sau da yawa akan zagaye bakinsa da zare mai wani launi, a yi wa wuya da aljihu da bakin hannu ado. Da yawa daga cikin ƙyallayen ma na ulu ne, irin wanda ake shigowa da shi daga waje, watau sun fi saƙin da aka ɗinka su a kansa tsada. Mahon da aka fara don rufe ɓaraka ya zama shi ne abu mafi daraja a jikin rigar, ta kyansa kuma ake gane amiri daga cikin mayaƙa.

Bai kamata a yi saurin kiran wannan munafunci ba. Daular da ke yaƙi da Masar daga arewa da Habasha daga gabas ba ta iya zama ba tare da shugabanni da ake ganewa ba, kuma amiran da suka sa waɗannan riguna da yawansu a cikinsu suka mutu. Amma fa ba a musun cewa daidaiton da rigar ta yi alkawari ya raunana. A 1888 da 1889 Halifa ya taso da danginsa Ta'aisha zuwa Umdurman, daidai lokacin babbar yunwar shekarar 1306 ta Hijira, wadda mutanen Sudan suke kira Sanat Sitta. A 1891 dangin Mahadi suka yi wa Halifa tawaye, daga baya aka ɗaure Muhammadu Sharif. Duk masu wannan rikici riga iri ɗaya ce a jikinsu.

Jibba a yamma

Labarin Mahadi bai tsaya a bakin Nilu ba, gama hanyar alhazai ta daɗe da haɗa ƙasar Hausa da Barno da Sudan, kuma tun zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo jama'a suna sauraron bayyanar Mahadi daga gabas. Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya zauna a Balda cikin Adamawa, ya yi wa Mahadi mubaya'a ta hanyar wasiƙa, Mahadi kuma ya naɗa shi wakilinsa a ƙasashen yamma. Rabe ɗan Fadlallah, tsohon jarumin Zubairu Basha, shi ma ya ɗauki tuta da jibbar Mahadiyya ya ba mayaƙansa. Da su ya ci Barno a 1893, ya rushe Kukawa, ya zauna a Dikwa. Hayatu ya haɗa kai da shi, har ya auri 'yarsa Hauwa. Amma Rabe bai taɓa zuwa Umdurman ya durƙusa gaban Halifa ba, a 1898 kuma ɗansa Fadlallah ya kashe Hayatu sa'ad da ya nemi barin Dikwa. Wannan ya nuna iyakar nisan da maho ya yi da asalinsa: a bakin tafkin Cadi ya zama kakin soja, wanda mai ƙarfi yake iya ara ba tare da biyayyar da ke tattare da shi ba. Faransawa suka kashe Rabe a Kusuri a watan Afrilu 1900.

Abin da ya saura

Ran 2 ga Satumba 1898 Ansaru suka gamu da rundunar Kicina a Karari, arewa da Umdurman. Cikin 'yan sa'o'i aka kashe fiye da mutum 10,000 daga cikinsu, waɗanda suka mutu a ɗaya ɓangaren kuwa ba su kai 50 ba. Aka kashe Halifa a Umm Diwaikarat ran 24 ga Nuwamba 1899. Sojojin Ingila suka kwashi jibbuna da tutoci da takubba ganima, ta haka ne waɗansunsu suka isa babban gidan adana kayan tarihi na Biritaniya a Landan da waɗansu gidajen irinsa.

Jama'ar Ansaru ba ta mutu ba. Sayyid Abdurrahman, ɗan Mahadi wanda aka haifa bayan rasuwar ubansa a 1885, ya sake tara ta ba da takobi ba, ya kafa gonakin auduga a tsibirin Aba, inda mutanen yamma da yawa suka yi masa aiki, ya kuma zama uban jam'iyyar Umma da aka kafa a 1945. Farar rigar da Ansaru suka riƙe a wannan sabon zamani ta gaji yankan jibba, gaba da baya iri ɗaya, amma maho ya fita daga jikinta.

A nan akwai gargaɗi ga masu koyar da tarihi. Sojan da ke tsintar ganima a fagen Karari rigar da ta fi kyau yake ɗauka, watau ta amiri. Tsumman talakan da ya bi Mahadi zuwa Ƙadir ba wanda ya ga amfanin ajiye shi, ya ƙare a jikin mai shi. Saboda haka hotunan jibba da ake gani a littattafai kusan duka na mataki na uku ne, ɗalibin da bai san haka ba sai ya zaci tun farko haka rigar take, mai tsari, mai launi. Ya kamata a koya wa ɗalibai su yi wa tufa tambayoyin da suke yi wa takarda: wa ya yi ta, yaushe, don wa, wa kuma ya ajiye ta har ta iso hannunsu? Game da jibba tambayar farko mai sauƙi ce, ba ta bukatar Larabci ko Turanci. A birkice rigar a dubi bayan mahon, a ga ko akwai ɓaraka ko babu.