Hutun iyali a bakin teku: tarihin ɗakin tafi-da-gidanka a Birtaniya

A kowace shekara, da zarar makarantun Ingila sun tashi hutun bazara a ƙarshen watan Yuli, manyan hanyoyin da suka nufi gaɓar teku kan cika da motoci masu jaye da fararen ɗakuna a bayansu. Waɗannan su ne ɗakunan tafi-da-gidanka, waɗanda Turawa ke kira karaban. A cikinsu ne iyalai masu yawa ke kwana, su yi girki, su ci abinci, na tsawon mako guda ko biyu, a filayen da aka keɓe domin masu yada zango kusa da teku.

Al'adar ta faro ne a matsayin abin sha'awar masu hannu da shuni. Daga bisani ta zama hanya mafi sauƙi da ma'aikaci zai kai 'ya'yansa bakin teku ba tare da ya biya kuɗin otal ba. Sai dai tekun da ke jan hankalin iyalan shi ne kuma babban abin da ke barazana ga yaransu, har ma da filayen zangon.

Asalin al'adar

Kalmar karaban ta samo asali ne daga Farisanci, inda take nufin ayarin fatake. Da tafiya ta yi tafiya, Turawan Ingila suka riƙa kiran rufaffun kekunan doki da wannan suna, irin waɗanda masu wasannin nishaɗi da al'ummar Romani ke zama a ciki suna yawo gari-gari.

Mutumin da ake dangantawa da fara amfani da irin wannan keke domin shaƙatawa kawai shi ne Dakta William Gordon Stables, ɗan yankin Sikotland, tsohon likitan sojan ruwa kuma marubucin littattafan yara. Wani kamfanin birnin Bristol ne ya ƙera masa keken, wanda dawaki biyu ke ja. A shekarar 1885 ya tashi daga garin Twyford a kudancin Ingila har ya dangana da Inverness a arewacin Sikotland, tare da mai tuƙa dawakin, da baransa, da karensa.

A shekarar 1901 wani tela mai suna Thomas Hiram Holding ya jagoranci kafa ƙungiyar masu yawo a kan keke suna kwana a tanti, wadda ta zama ƙungiyar Camping and Caravanning Club ta yanzu. Shi kansa Holding yana yaro ne ya fara ɗanɗana kwanan waje, lokacin da ya ratsa filayen Amurka a ayarin amalanke tare da iyayensa a shekarar 1853. A shekarar 1907 kuma aka kafa ƙungiyar Caravan Club, wadda ta sauya suna zuwa Caravan and Motorhome Club a shekarar 2017.

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya mota ta maye gurbin doki. Kamfanin Eccles na birnin Birmingham ya fara ƙera ɗakunan da mota ke ja a shekarar 1919. A ƙasar Jamus, wani ɗan kasuwa mai suna Arist Dethleffs ya ƙera nasa a shekarar 1931 domin matarsa ta riƙa raka shi tafiye-tafiyen fatauci, kuma har yau akwai kamfanin ƙera irin waɗannan ɗakuna mai ɗauke da sunansa.

Yadda ta kai ga talaka

Muddin ma'aikaci ba ya samun albashi a ranakun da bai je aiki ba, hutun mako guda ya fi ƙarfinsa. Wannan ya fara sauyawa a shekarar 1936, lokacin da gwamnatin Leon Blum ta Faransa ta bai wa ma'aikata hutun mako biyu da albashi. A shekarar 1938 majalisar dokokin Birtaniya ta zartar da dokar da ta buɗe hanyar bai wa wasu rukunonin ma'aikata hutun mako guda da albashi.

Yaƙin Duniya na Biyu ya katse wannan yunƙuri, amma bayansa al'amarin ya bunƙasa. Wani ɗan kasuwa daga gabashin Landan mai suna Sam Alper ya fito da ƙaramin ɗaki marar nauyi mai suna Sprite, wanda aka sayar a kan ƙasa da fam 200 a farkon shekarun 1950, kuma ƙaramar motar gida na iya jansa. Yayin da masu mallakar mota ke ƙaruwa, manoman da ke da filaye kusa da teku suka shiga bayar da hayarsu ga masu zango.

Yaɗuwar filayen barkatai ta sa gwamnati ta kafa doka a shekarar 1960, wadda ta wajabta wa mai fili samun lasisi daga ƙaramar hukuma. Dokar ta ba wasu manyan ƙungiyoyi ikon amincewa da ƙananan filaye waɗanda ba sa ɗaukar fiye da ɗakuna biyar a lokaci guda, tsarin da ake bi har yanzu.

Daga shekarun 1960 zuwa 1970, tafiya Sipaniya a jirgin sama cikin rahusa ta janye jama'a da yawa daga garuruwan bakin tekun Birtaniya. Amma al'adar ba ta mutu ba. Ta sake samun karɓuwa sosai a shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta takaita fita ƙasashen waje, bayan da aka sake buɗe filayen zango na Ingila a ranar 4 ga watan Yuli.

Ire-iren ɗakunan da zaman zango

Ɗakunan sun kasu kashi uku. Akwai wanda mota ke ja daga wannan zango zuwa wancan. Akwai wanda shi kansa mota ne, da injinsa da mazaunin direba. Sannan akwai babba wanda ake girkewa a wuri guda shekara da shekaru, mai shi yana biyan kuɗin hayar fili duk shekara, ko kuma kamfani ya riƙa bayar da hayarsa mako-mako. Yankin birnin Hull ne cibiyar ƙera irin wannan na uku, kuma gaɓar tekun Lincolnshire, musamman kewayen Skegness da Ingoldmells da Mablethorpe, na daga cikin wuraren da suka fi yawansu a nahiyar Turai. Sauran yankunan da iyalai ke yawan zuwa sun haɗa da Cornwall da Devon da Norfolk da arewacin Wales.

A cikin ɗakin da ake ja, an tsara komai ne domin tsimin wuri. Kujerun zama da teburin cin abinci kan koma gado da daddare, yara kuma na kwana a gadaje masu hawa biyu. Akwai murhun gas, da ƙaramin firji, da wurin wanke-wanke, galibi har da ƙaramin bayan gida. Iyalai da dama kan haɗa rumfar tanti a jikin ɗakin domin ƙarin wurin zama.

A filin zango ana jona ɗakin da wutar lantarki, a ɗebo ruwa daga famfo a cikin durom mai gangarawa, a kuma zubar da ƙazantar bayan gida a wurin da aka tanada. Ɗibar ruwa da wanke kwanuka na daga cikin ayyukan da ake ɗora wa yara. Da rana sukan yi gine-gine da yashi, su kama ƙaguwa, ko su binciki ƙananan halittun da teku ke bari a kududdufan duwatsu idan ya janye. Filaye da yawa na takaita gudun mota zuwa mil 5 a sa'a saboda yaran da ke yawo a kan keke, suna kuma hana hayaniya idan dare ya yi.

Farashi kan yi tashin gwauron zabo a makonni shida na hutun bazara, abin da ke sa wasu iyaye cire 'ya'yansu daga makaranta kafin hutu. Doka ta hana hakan ba tare da izini ba. Tun daga watan Agustan 2024, tarar a Ingila ta zama fam 80 a kan kowane mahaifi saboda kowane yaro, kuma takan koma fam 160 idan ba a biya cikin kwana 21 ba.

Ƙa'idojin hanya da na wuta

Doka ta haramta ɗaukar kowa, babba ko yaro, a cikin ɗakin da ake ja yayin da yake tafiya. Motar da ke ja ba ta wuce mil 50 a sa'a a kan hanya mai hannu ɗaya, wato kimanin kilomita 80, ko mil 60 a kan tagwayen hanyoyi. Ƙungiyoyin masu zango na ba sababbin shiga shawarar kada nauyin ɗakin da kayansa ya wuce kashi 85 cikin 100 na nauyin motar, domin ɗakin da ya yi nauyi, ko aka yi masa lodi a baya, yakan fara lilo a kan hanya har ya kifar da motar.

A filin zango ana barin tazarar mita shida tsakanin ɗaki da ɗaki, domin kada gobara ta tsallaka. Haɗarin da ya fi ɓuya shi ne iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ko wari. Garwashin gawayin gasa nama na ci gaba da fitar da ita sa'o'i bayan wutar ta lafa, kuma an sha samun mutuwar masu zango, har da yara, bayan an shigar da kaskon gashi cikin tanti domin jin ɗumi. Saboda haka ake jan hankalin iyalai da su bar kasko a waje, kada su toshe kafofin shigar iska, su kuma sanya na'urar da ke ƙara idan iskar ta taru.

Mafi munin bala'in da ya taɓa aukuwa a filin zangon bakin teku a Turai ya faru ne a Los Alfaques, a lardin Tarragona na Sipaniya, ranar 11 ga watan Yulin 1978. Wata tankar gas ta fashe a kan hanyar da ta bi ta gefen filin, inda mutane fiye da 200 suka rasa rayukansu, akasarinsu baƙi 'yan yawon buɗe ido. Bayan haka hukumomin ƙasar suka tsaurara dokokin jigilar kaya masu haɗari ta cikin garuruwa.

Yara da teku

Ruwan teku a gaɓar Birtaniya yana cikowa ya janye sau biyu a rana. A mashigin Bristol, bambancin tsayin ruwa tsakanin cikowa da janyewa kan haura mita 12. A gaɓa mai shimfiɗe, ruwan kan zagayo ta bayan masu wasa a kan tudun yashi ya datse musu hanyar komawa kafin su ankara. Don haka ake wallafa jadawalin cikowar ruwa na kowace rana.

Wani haɗarin shi ne ƙorama mai ƙarfi da ke tasowa daga gaɓa ta nufi tsakiyar teku. Wanda ta ja bai kamata ya yi kokawa da ita ba. Abin da ake so shi ne ya yi iyo ta gefe, daura da gaɓa, har ya fita daga cikinta, ko ya kwanta rigingine ya ɗaga hannu. Sanyin ruwan ma abin lura ne, domin ruwan da bai kai digiri 15 ba na iya ruɗa numfashin wanda ya faɗa ciki kwatsam, ko da gwanin iyo ne.

Ƙungiyar agaji ta RNLI, wadda aka kafa a shekarar 1824 domin ceto a teku, ta fara girke masu ceto a gaɓa a shekarar 2001. Tutocinsu ne ke nuna halin da ake ciki. Tsakanin tutoci biyu masu launin ja da rawaya ne wurin iyo da ake sa ido a kai. Jar tuta na nufin kada kowa ya shiga ruwa. Buhun iska mai ruwan lemo na nuna cewa iska na kaɗawa daga tudu zuwa teku, lokacin da take iya tafiya da yaron da ke kan balan-balan na iyo. Idan haɗari ya auku, ana kiran lamba 999 a nemi dakarun tsaron gaɓa.

A watan Agustan 2016 wasu samari biyar daga Landan sun nutse a Camber Sands, a kudu maso gabashin Ingila, inda a lokacin babu masu ceto. An girke su a wurin bayan aukuwar lamarin.

Makomar filayen zango

An kafa filaye da yawa ne a kan ƙasa mai kwari ko a bakin gangare mai zaizayewa. A daren 31 ga watan Janairun 1953, tumbatsar Tekun Arewa ta halaka mutane 307 a Ingila da fiye da 1,800 a Holand. A watan Disambar 2013 wata tumbatsar ta rusa gidaje a Hemsby da ke Norfolk. Tun da yake a lokacin hunturu ne irin wannan ambaliya ta fi aukuwa, hukumomi a gaɓar Lincolnshire na takaita watannin da ake zama a filaye da dama.

A gaɓar Holderness da ke gabashin Yorkshire, teku na cin kimanin mita biyu na ƙasa a kowace shekara, abin da ya sanya ta cikin gaɓoɓin da suka fi saurin zaizayewa a Turai. Masu filaye a kewayen Skipsea kan janye layin ɗakunan da ke gaba idan gangaren ya matso, kuma ƙaramar hukumar yankin na da tsarin ba su damar komawa can cikin tudu.

Masana kimiyya na hasashen cewa tsayin teku zai ci gaba da ƙaruwa sakamakon ɗumamar yanayi. Ga garuruwa irin su Skegness, waɗanda shagunansu da ayyukan yin matasansu suka dogara da baƙin bazara, tambayar da ke gaban hukumomi ita ce waɗanne sassan gaɓa za a kashe kuɗi a kare, waɗanne kuma za a bar wa teku.