Masu Zaɓar Talauci da Waɗanda Talauci Ya Zaɓa

Yau shirin namu zai leƙa tarihin maƙwabtanmu Kirista ne, musamman na ƙasar Malumfashi da Ƙafur da Funtuwa, waɗanda muke haɗuwa da matansu a asibiti wajen awon ciki, mazanmu kuma suke cin kasuwa ɗaya da nasu. Abin da za mu duba shi ne yadda addininsu ya ɗauki gudun duniya, wato abin da malamanmu ke kira zuhudu, da yadda abin ya kasance da ya iso ƙasar da dama can talakawa ne.

A Linjilar da ke hannunsu akwai labarin wani mai dukiya da ya tambayi Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, hanyar tsira, aka umarce shi ya sayar da abin da ya mallaka ya raba wa matalauta. Mutumin ya juya da baƙin ciki, don dukiyar da yawa. Wannan labari ya hana Kirista da dama barci. A Masar, wajen shekara ta 270, wani saurayi mai suna Antoni ya ji an karanta shi a majami'a, ya rabar da gonakin gado, ya shiga hamada. Masu koyi da shi suka yi yawa, har aka sami ƙungiyoyin maza da na mata masu ɗaukar alkawari uku: ba za su mallaki komi ba, ba za su yi aure ba, kuma za su yi biyayya ga shugaba.

To amma kun san halin dukiya, ko an kore ta ta ƙofa sai ta biyo ta taga. Sarakuna da attajirai suka riƙa yi wa gidajen nan kyautar gonaki don neman albarka, har masu gudun duniya suka zama su ne manyan masu ƙasa a Turai. Ana cikin haka aka sami mutum biyu da suka ce a koma tushe. Na farko Faransis, ɗan wani attajiri mai fataucin tufafi a garin Asisi na Italiya, wanda ya tuɓe kayan jikinsa ya mayar wa ubansa a bainar jama'a, ya koma jinyar kutare. Shi ne ya je har wajen Sarkin Masar Al-Kamil a 1219, ana tsakiyar yaƙi, aka karɓe shi da mutunci ya dawo lafiya. Na biyu Dominik, mutumin Sifen, wanda tun yana ɗalibi ya sayar da littattafansa a wata shekarar yunwa ya ciyar da mutane. Ku tuna fa lokacin da hannu ake rubuta littafi, a kan fata, sayar da shi kamar manomi ne ya sayar da shanun hudarsa. Paparoma ya amince da ƙungiyarsa a 1216. Mutanen su biyun da ƙafa suke yawo suna wa'azi, suna bara ƙofa-ƙofa. Wadda ta taɓa zuba wa almajiri tuwo a ƙoƙo ba ta bukatar a yi mata dogon bayani.

Wadda ta fi ɗaukar hankalina a cikinsu mace ce, sunanta Kilara, 'yar babban gida a Asisi. A 1212, tana da shekara goma sha takwas, ta fice daga gidansu da dare, aka aske mata kai, ta shiga wani ɗan gida da ake kira San Damiyano. Kimanin shekara arba'in ta yi a ciki ba ta fita, ita da matan da suka biyo ta, ba takalmi, ba cin nama, suna kaɗi da ɗinki. Kulle ke nan na sosai. Manyan coci suka ce mata a kulle ba za su rayu ba sai da gonakin da za su ciyar da su, suka yi ta miƙa mata, tana ƙi. Har takarda ta nema daga Paparoma, aka ba ta a 1228, cewa ba mai ikon tilasta mata ta mallaki dukiya. Kowa na kai ƙara don a ba shi, ita ta kai don kada a ba ta. Dokar da ta rubuta wa matanta kuwa sai a 1253 aka sa mata hannu, saura kwana biyu ta rasu.

Yanzu mu dawo gida. Hanya biyu wannan ra'ayi ya biyo ya iso mana. Ta farko ita ce ta mishan ɗin SIM. A 1893 samari uku suka sauka Ikko da nufin shigowa ƙasar Hausa, ba wata babbar majami'a da ta tsaya musu. Walter Gowans ya rasu a Girku ta ƙasar Zazzau a 1894, Thomas Kent ya rasu a Bida, Rowland Bingham kaɗai ya koma da rai. Tsarinsu shi ne ba albashi tabbatacce, abin da masu taimako suka aiko shi ake rabawa. Turawan mulki sun daɗe suna hana su wa'azi a ƙasashen sarakunan Musulmi, sai a shekarun 1930 ƙofa ta buɗe ta hanyar jinyar kutare, irin ta Babbar Ruga kusa da Katsina, zamanin Sarki Dikko. Daga nan aiki ya bazu zuwa gidajen Maguzawa na kudancin Katsina, kuma a 1954 majami'unsu suka zama ECWA.

Hanya ta biyu ta ɗarikar Katolika ce. A 1953 aka damƙa yankin Sakkwato, har da Katsina a ciki, a hannun 'yan ƙungiyar Dominik daga Amurka, suka yi zango a Gusau. Sistocinsu suka biyo baya a 1956 daga jihar Kansas, suna aikin asibiti da makaranta, daga baya 'yan ƙasa suka gaje su. Shi ya sa cocin Katolika na Malumfashi yake ɗauke da sunan Vincent Ferrer, wani mai wa'azi na wannan ƙungiya da ya rasu a 1419.

A nan ne gizo ke saƙar. Baturen da ya bar gida mai lantarki ya zo ya zauna a Malumfashi, a ganin danginsa ya talauce don Allah, kuma ba shakka ya sadaukar, don da yawansu zazzaɓi ya kwantar, wasu an binne 'ya'yansu a nan. Amma Bamagujen da ke kallonsa daga bakin gona me yake gani? Rufin kwano, keke ko mota, akwatin magani, fitila. Kuma in cuta ta yi tsanani akwai jirgin da zai mai da shi gida. Talaucin da mutum ya zaɓa yana da ƙofar fita. Na manomin da ke jiran kuɗin auduga don ya biya haraji ba shi da ita.

Masu bishara 'yan ƙasa su suka ɗanɗana abin sosai. Manufar mishan ita ce majami'a ta riƙe kanta da kanta, kada ta dogara da kuɗin waje. Manufa ce mai kyau, ita ta sa majami'un ƙauye suka tsaya da ƙafarsu bayan Turawa sun tafi, amma nauyinta a wuyan talaka ya sauka. Mai bishara yakan yi noma kamar kowa, jama'a su yi masa gayya, da kaka a kawo dammunan dawa da masara a matsayin baiko na godiya. In damina ta yi gardama, shi ma rumbunsa wayam. Matarsa kuwa ba wanda ya tambaye ta ko ta zaɓi gudun duniya. Ita ce mai tarbar baƙi, ita ce mai dafa wa taro, ita ce za ta san yadda za ta yi da tiya ɗaya ta kai kwana uku.

Akwai kuma wani rashi da ba a cika faɗa ba. Matan Maguzawa suna da gayaunarsu, kuma dafa giya babbar sana'a ce a wurinsu, da ita mace ke samun kuɗin kanta. Majami'un SIM sun hana giya ɗungurungum. Ni dai ba zan yi kukan rashin giya ba, kun san matsayinta a wurinmu, amma gaskiya ɗaya ce, macen da ta kife tukunyarta ranar da ta shiga majami'a ta rufe shagonta ne. Haka wadda ta shiga Musulunci. Kowace a nan ta san abin da ake ji in an ce yau ba a ɗora ƙosai ba, ba a kai dambu talla ba. Zumuntar Mata, ƙungiyar matan coci, ta rage raɗaɗin abin, da karo-karo, da ziyarar mai jego da gwauruwa, da koya wa juna karatu, kusan yadda muke yi a adashi da biki.

Daga shekarun 1980 wata iska ta taso daga kudu. Masu wa'azi irin su Benson Idahosa na Binin, wanda ya rasu a 1998, suka riƙa koyar da cewa arziki alamar albarka ce, talauci kuwa ba rabon mai bi ba ne. Zamanin tsuke bakin aljihu ne, taki ya yi tsada, kuɗin auduga ya lalace, saboda haka maganar ta sami masu saurare a garuruwa irin Funtuwa. Kada mu yi saurin yi musu dariya, wanda ya kwana da yunwa ba ya son a yaba masa yunwa. Tsofaffin majami'u dai suna sukar wannan koyarwa, suna cewa mai wa'azin ne ke ƙiba, jama'a na nan yadda suke. Irin wannan taƙaddama ba baƙuwa ba ce a gare mu, tunda Malam Abdullahi na Gwandu da kansa ya taɓa barin rundunar jihadi a 1807 ya nufi gabas, don takaicin yadda son duniya ya shiga zukatan jama'a.

A 2023 aka yanke Katsina daga Sakkwato ta zama yankin bishop mai zaman kansa, aka naɗa Gerald Mamman Musa, ɗan Malumfashi, Bahaushe na farko da ya hau wannan muƙami a Katolika. Babban cocinsa a birnin Katsina sunan Martin de Porres gare shi. Shi wannan Martin ɗan wata baƙar mace ce da aka 'yanta daga bauta, an haife shi a Lima ta ƙasar Peru a 1579. Da ya shiga gidan 'yan Dominik, aikin shara da aski da jinya aka ba shi, shi ya sa har yau in an zana hotonsa da tsintsiya a hannu ake zana shi. Masu tarihinsa sun ce wata rana bashi ya yi wa gidan katutu, sai ya je wurin shugaba ya ce a sayar da shi a biya. Shugaban bai yarda ba.