Tarihin Lambar Inji: Yadda Canza Inji Ke Taɓa Farashin Tsohuwar Motar Tsere

A wajenmu idan injin mota ya gaji, sai a je kasuwa a sayo wani, makaniki ya ɗora, kuma ranar sayarwa har alfahari ake yi cewa inji sabon sawa ne. To a kasuwar tsofaffin motocin tsere da ta Turai da Amurka, wannan magana ita ce ke karya farashi. Mai saye a can yakan duba lambar da aka buga a jikin inji, ya gwada ta da abin da ke rubuce a kundin kamfanin da ya ƙera motar. In lambobin ba su dace ba, kuɗin ya sauka. Shin daga ina wannan al'ada ta samo asali?

A farkon zamanin tsere babu wanda ya damu da lambar inji. Motar tsere kayan aiki ce: inji ya fashe, a cire a sa wani. Misalin da ya fi shahara shi ne wata Bentley Speed Six da ake wa laƙabi da Old Number One. Ita ce ta ci tseren awa 24 na Le Mans a Faransa sau biyu a jere, 1929 da 1930, kuma Woolf Barnato na cikin direbobinta a duka biyun. A 1932 aka sake mata gini, aka sa mata wani shasi, wato ƙarfen da ke ɗauke da motar, sannan injinta mai lita 6.5 ya koma mai lita 8. A wannan shekarar ta yi haɗari a filin tseren Brooklands na Ingila, direbanta Clive Dunfee ya rasu, aka sake gyara ta.

A 1990, lokacin da tsofaffin motoci suka zama kadara irin ta gida da fili, kamfanin Middlebridge ya amince zai saye ta a kan fam miliyan 10. Daga baya ya janye, ya ce ai wannan ba ita ce motar da ta ci Le Mans ba. Magana ta kai babbar kotu a Landan. Tambayar da ke gaban alƙali kamar ta gatarin gado ce: an canza masa ƙota, an canza masa ruwa, shin har yanzu gatarin kaka ne?

Alƙali Otton ya ba mai sayarwa gaskiya. Hujjarsa ita ce, duk da motar ba ta nan yadda ta fito daga kamfani, tarihinta bai taɓa yankewa ba. An san kowane canji, an san wanda ya yi shi, kuma babu wata mota daban da za ta iya da'awar wannan suna. Masu wannan harka suna rarrabe abu biyu: mota mai kayanta na asali, da mota mai sahihin tarihi.

Amma ka lura, wannan sassauci ya fi aiki a kan motocin da suka yi suna a fagen tsere. Motar da aka ƙera dubbai don hawa kan titi, lissafinta daban ne. Ɗauki Chevrolet Corvette. Daga 1960 kamfanin ya fara buga wani ɓangare na lambar motar a jikin injinta. A shekarun da suka biyo baya, Corvette biyu za su iya kama da juna a ido, alhali ɗaya ta fito da ƙaramin inji, ɗaya kuma da babba mai tsada wanda ba a yi da yawa ba. Kowa zai iya sayo babban inji ya ɗora. Lambar nan ce ke nuna wadda aka haifa da shi. Saboda haka farashi ya bi lamba.

Inda kuɗi ya shiga kuwa, 'yan damfara sun shigo. Sai a goge fuskar ƙarfen, a buga lambar da ake so. Masu bincike su ma suka koyi duba siffar haruffa, da zurfinsu, da 'yan layukan da na'urar kamfani ke bari a kan ƙarfe, waɗanda gogewa ke shafewa. Su kansu kamfanonin sun shigo ciki. A 2006 Ferrari ta buɗe sashen Classiche a Italiya, wanda ke gwada mota da tsofaffin takardun kamfani kafin ya ba ta shaida.

Yau dai kasuwa na kallon injin da ba na asali ba a mataki-mataki. Wanda kamfani da kansa ya canza a zamanin motar, da takarda a hannu, shi ne mafi ƙarancin illa. Sai inji irin na motar sak, na shekarunta, amma mai wata lamba. Sai injin zamani ko na wani kamfani, wanda zai iya fin na asali gudu da lafiya amma ya fitar da motar daga sahun da manyan masu tarawa ke nema. Mafi muni shi ne lambar jabu, domin in an gano ta, shakku ya hau duk sauran abin da aka faɗa game da motar.

Shi ya sa mai wayo a wannan harka, in ya canza inji, ba ya zubar da tsohon. Yakan ajiye shi ko da ya tsage, ya haɗa da rasit da hotuna, ranar gwanjo ya miƙa su tare da makulli.